Tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, Waye Mugun?

TAMBAYA: Malam, an ba mu aiki mu kwatanta Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin littafin Ruwan Bagaja. Na rubuta cewa Alhaji nagari ne, Zurƙe kuwa mugu, sai malaminmu ya bi da jan biro ya soke. Ina matsalar take?
Ɗaliba daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: 'Yata, malaminku bai zalunce ki ba. Koma ki sake karanta haɗuwarsu ta farko. Zurƙe ne mai karatun gaske. Alhaji kuwa shigar malamai kawai ya yi yana ci da ita, karatun nasa bai taka kara ya karya ba. Da aka tara su gaban jama'a, sai Alhaji ya ja wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce Zurƙe ya karanta. Bawan Allah ya yi ta lalubo haruffan Larabci. Alhaji ya ce ina, ai jinjirin wata ne! Jama'a suka leƙa, suka ga ya yi kama, aka yi wa mai ilimi ature. To, wa ya fara cutar wani?

Daga nan sai ramuwar gayya, gari bayan gari, kowa ya samu sarari ya kwantar da ɗan'uwansa. Abin da ya sa muke tausaya wa Alhaji shi ne daga bakinsa muke jin labarin, kuma mai ba da labari ba ya kai ƙarar kansa. Abubakar Imam ya rubuta littafin yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Katsina, don gasar 1933 da Hukumar Fassara ta nan Zariya ta shirya ƙarƙashin shugabanta, Bature Rupert East. Ni dai tun muna 'yan makaranta nake zargin ya ɗan fifita takwaransa.

Bambancin da za ki riƙe shi ne, Alhaji yana da inda ya dosa. Ruwan Bagaja yake nema, don ya wanke Liman, wanda ya riƙe shi, daga kunyar da ya sha a fada. Zurƙe kuwa duk inda ya ɓullo, tsohon bashi ya zo karɓa.

Sai ki ja layi a tsakiyar takarda, ki jera cutar da kowannensu ya yi wa ɗaya, ki ƙirga, sannan ki kai wa malaminku.