Shin abin shan ɗumin nan na Sikotlan yana maganin sanyi da mura?

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka a birnin Gilasgo na Sikotlan sun ce ka sha "hot toddy" saboda sanyi da mura, kana son sanin abin da ke ciki da ko yana aiki.

Da farko dai akwai giya a ciki. Wiski suke zubawa kaɗan a kofi, su ƙara ruwan zafi da zuma cokali guda, su matse lemun tsami. A ƙasar Ayalan har kanumfari suke sossoka wa yankan lemun su jefa ciki, wasu su sa kirfa. Barasar da ke cikin wiskin Sikotlan ba ta gaza kashi 40 cikin 100, kuma ruwan zafin ba ya korar ta. In ba ka shan giya, kada wani ya ce maka ai shayi ne.

Ɗumin da ake ji kuwa yaudara ce. Barasa tana buɗe jijiyoyin jinin fata, fuska ta ɗau zafi, alhali zafin cikin jiki fita yake yi. Ga ɓata barci, ga wahalar da hanta in mutum yana shan farasitamol.

Abin da ke lallashin maƙogwaro a kofin nan zuma ce da ruwan ɗumi. Don haka ka daka ɗanyar citta ka tafasa da kanumfari, ka sauke, ya ɗan huce kafin ka sa zuma da lemun. Sai dai jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.