Hukuncin kaɗa jita da waƙa a ƙaramin zama cikin gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Ina kaɗa jita ina waƙa, babu batsa, yawanci kan iyaye da zaman duniya. Ba na zuwa gidan gala. Gidaje ake gayyatata, a zauna a falo mutum ashirin ko talatin, maza da mata, bayan isha'i, a yi mini liƙi, da shi nake biyan kuɗin makaranta. Yanzu ma wata Hajiya ta kira ni ranar Asabar, ta ce maigidanta ya yi tafiya, falon a sake yake. Abokina ya ce Ibn Hazm ya halatta kiɗa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun Asabar ba ta zo ba.

Kada ka je gidan Hajiyar nan. Ka ambaci tafiyar mijinta kamar ba komai ba ne, alhali nan hankalina ya fi tashi. Annabi (SAW) ya hana mace ta shigar da kowa gidan mijinta sai da izininsa, kuma cewar da ta yi falon a sake yake don ba ya gari ta nuna da yana nan ba za a yi ba. Ko wa'azi aka kira ka yi a haka, ce maka zan yi ka zauna. Ka dai ga “Ba a shiga” a ƙofofin gidaje cikin birni, ba ado aka rubuta ta ba.

Waƙa da murya zalla, mai tsabtar kalmomi, halal ce. Bandiri a biki da ranar Sallah an yi rangwame a kansa. Zaman da ke da giya ko batsa kuwa babu mai jayayya kan haramcinsa.

Saura jita. Sanannen matsayin mazhabobi huɗu shi ne hana kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma a kansa nake. Abokinka bai yi ƙarya ba, Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a 456 bayan hijira, ya halatta. Hujjarsa ita ce hadisin Bukhari da ya ba da labarin mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa bai sadu ba, wato jerin masu ruwayarsa ya yanke, don Bukhari cewa ya yi “Hishamu ɗan Ammar ya ce”, bai ce “ya ba mu labari” ba. To amma Hishamu malamin Bukhari ne, ya riske shi, ya ji daga bakinsa, kuma ba a san Bukhari da ɓoye mai ruwaya ba. Ban da haka, Ibn Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi sun kawo hadisin da isnadi sadajje ta hanyar Hishamun nan. Cikin malaman hadisi, Ibn Salah ya mayar wa Ibn Hazm da martani, Ibn Hajar ya tattara hanyoyin hadisin. Kokwanton da mai ruwaya ya yi kan wanda ya ji hadisin daga Annabi (SAW), Abu Amir ne ko Abu Malik, ba ya cutarwa, dukansu sahabbai ne. Ibn Hazm bai ƙi hadisi don son rai ba, ya ga bai inganta ba ne a wurinsa. Wanda ingancin ya bayyana gare shi ba shi da wannan uzurin. Sannan malaman da suka sassauta, irin su Gazali, sun gindaya sharaɗin kada zaman ya zama mai jawo fitina, kuma shi Gazalin ma bai yarda da kayan tsirkiya ba.

Kana ganin ƙanƙantar wurin ta sauƙaƙa lamarin. A ganina ta ƙara masa nauyi. A falo gwiwa na kusa da gwiwa, dare ya yi, ƙofa a rufe, mace ta taso ta manna maka kuɗi a goshi. Anjasha, mai kora raƙuma a zamanin Annabi (SAW), raƙuma kawai yake rera wa waƙa a kan hanya, amma saboda matan da ke cikin ayarin, Annabi (SAW) ya ce masa ya sassauta. Liƙin ma ka sani dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana shi, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida.

Na ji batun kuɗin makaranta, ban raina shi ba. Abin da ka ci a baya bisa fatawar da ka ɗauka daidai ce, ka yi istigfari, kada ka tsananta wa kanka. Muryarka baiwa ce, ban ce ka binne ta ba. A ƙasar Zazzau ɗin nan Aliyu Namangi ya yi waƙoƙin da aka haddace ko'ina a ƙasar Hausa ba tare da kiɗa ba. Ka ajiye jitar, ka karɓi gayyatar walima da saukar karatu da taron makaranta, inda maigida ne ya kira ka, maza a gefensu, a tashi da wuri don kada asuba ta kuɓuce maka. Ka faɗi ladanka tun farko, a ba ka a hannu. Ka kuma nemi wata ƙaramar sana'a da za ka jingina da ita kafin ka gama karatu. Hajiya kuwa ka ba ta haƙuri cikin ladabi, kuma kada ka kai zancenta wurin kowa.

Wallahu a'alam.