Gidajen takarda na wasan tebur: sufa gulu ba maganin lanƙwashewa ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni da abokaina muna buga wani wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons a ƙarshen mako, wanda ake yi a kan taswira. Na sauko da zanen gidajen takarda irin na Turai daga intanet, ina so in mayar da su gidajen ƙasa masu zanko irin na cikin birnin Kano, amma da na shafa gam da fenti sai bangon ya lanƙwashe. Wani ya ce in jiƙa shi da sufa gulu, in kuma liƙa auduga da shi don yin bishiyoyi. Da na gwada sai audugar ta ɗau zafi, ta yi hayaƙi, har ta ƙona mini yatsa. Hankalina ya tashi, domin ƙannena suna zama kusa da ni idan ina aiki. Shin gam ɗin ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Gam ɗinka ba jabu ba ne, shawarar da aka ba ka ce gurɓatacciya, kuma na gaji da jin ta a bakin waɗanda suka kalli ɗan guntun bidiyo a waya suka wayi gari malamai. Sun ɗauka cewa tunda sufa gulu ya fi kowane gam saurin kamawa, to ya dace da komai. Sinadarin da ke cikinsa, wanda Harry Coover ya gano a Amurka a 1942 kuma aka fara sayar da shi a 1958, ba bushewa yake yi kamar sauran gam ba, daskarewa yake yi da zarar ya haɗu da danshi, kuma yana fitar da zafi a yayin daskarewar. Idan ɗigo ɗaya ne tsakanin abubuwa biyu masu santsi, zafin ba ya kai a ji shi. Amma auduga dubban zare ce da suke tsotse shi su daskarar da shi a lokaci guda, sai zafin ya taru wuri ɗaya har ya ƙona fata. Haka zai yi idan ya zuba a rigarka ta auduga, ko ka ɗauki tsumma ka goge shi. Tururinsa yana sa hawaye da raɗaɗin hanci, sannan yana barin wani farin hazo a kan zanen da ka biya kuɗi aka buga maka. Muna amfani da shi a wannan sana'a, amma ɗigo kawai, a bakin kwalin da ake so ya yi tauri, taga a buɗe, ba yaro a kusa. Idan ya haɗe maka yatsu kada ka fizge, ka tsoma su a ruwan ɗumi da sabulu ka yi ta murzawa a hankali. Idan kuwa ya shiga idon yaro, Allah ya kiyaye, kada a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, kada a saurari mai cewa a ɗiga kananzir ko man goge farce. A wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Lanƙwashewar kuma ruwa ne ya jawo ta. Farin gam na kafintoci da fentin ruwa suna kumbura zaren takarda a fuskar da aka shafa, ɗaya fuskar tana nan yadda take, dole bango ya karkace. Ka bar takardar ofis mai giram 80, ka buga a kan kati mai giram 200 ko kusa da haka, ka liƙa shi a jikin kwali mai kauri irin na masu ɗinkin littafi. Gam ɗin ka shafa shi sama-sama da guntun kati, ka liƙa wata takarda a bayan kwalin don fuskokin biyu su ja daidai, ka danne da manyan littattafai ya kwana. Da damina ka ƙara masa yini guda.

Wajen bugawa ka tsaya a kan mai shagon ya fitar a girmansa na asali, ɗari bisa ɗari. Da yawa daga zane-zanen nan an tsara su ne a kan takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi da milimita 6, na'ura kuma tana iya ƙanƙance su ba ka sani ba. Ka auna da rula: kowane ɗan murabba'i da ke kan taswirar wasanku inci ɗaya ne, wato santimita 2.54, wanda yake wakiltar ƙafa biyar a cikin wasan.

Mayar da ginin na Hausa shi ne sashen da ya fi daɗi. Ka yanke rufin Turawa mai tsini ka sa shimfiɗaɗɗen rufin soro, ka ɗaga bango ya ɗara rufin kaɗan, ka yanka zanko daga kwali ninki biyu ka kafa a kusurwoyi, tsinken tsintsiya kuma ya zama indararo. Bayan ka haɗa ginin ya tsaya da ƙafarsa, ka shafa farin gam ka barbaɗa jan ƙasa da ka tankaɗe da rariya, za ka ga yaɓe sosai. Bishiyoyin kuma ka yayyaga tsohon soson katifa, ka rina shi kore, ka liƙa a busasshen reshe da farin gam ɗin nan, wanda ko ƙannenka za su iya taya ka shafawa.