Amsa ga mai tambaya kan karatun tarihin jirgin ƙasa ta intanet

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya yin digiri na biyu a tarihin jirgin ƙasa yana zaune a ƙauye, bai bar gona da iyali ba. Zai yiwu. Jami'ar York ta Ingila tana koyar da wannan fanni ta intanet, sai dai darussansu sun fi karkata ga jiragen Birtaniya, kuma da fam ake biyan kuɗin makaranta. Ka yi lissafi tukuna.

Abin da nake so ka duba shi ne, kayan bincikenka suna ƙofar gidanka. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma ya kammalu a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Gyaɗa ce ta ja shi. Ni a gefen tasha na tashi, kakana yana nuna mana wurin da ake aza buhu a sikeli, da inda 'yan dako ke hutawa a gindin tsamiya. Irin waɗannan dattawa suna ƙarewa, wallahi abin yana damuna. Ka ɗauki wayarka ka naɗi muryarsu tun yanzu, ko da ba ka samu gurbin karatun ba.

Takardun zamanin Turawa kuwa sai ka taka zuwa Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House. Ka tanadi sola, don wutar ƙauye ba ta riƙe darasi. Allah ya ba da sa'a.