Hukuncin ɓoye wa manemi albaras ɗin yarinya kafin ɗaurin aure

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni uwa ce a nan Garua. 'Yata shekararta 19, an karɓi kuɗin gaisuwarta, an sa rana bayan babbar Sallah. Tun bara wani farin tabo ya fito mata a gefen wuya, yanzu ya ɓulla a ƙirji da gwiwar hannu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Kakarta ta wajen uba ta ce somin kuturta ne, har ta ware mata kwano da moɗa. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce kifi ta haɗa da nono. 'Yan'uwana kuwa sun ce mu yi shiru tunda hijabi yana rufewa, sai an ɗaura aure. Yarinya kullum cikin kuka take, tana cewa wane laifi ta yi wa Allah. Malam, ya halatta mu ɓoye? Ana ɗaukar wannan ciwo? Wane magani ne ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyarki, Hajiya.

Ɓoyewar bai halatta ba. Amma kafin mu je can, bari mu san ciwon tukuna, domin hukunci a kan abu reshe ne na saninsa.

Siffar da kika bayar ta fi kama da albaras, wanda likitoci ke kira bitiligo. A cikin fatar ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta masu samar da launi. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta ne, sai ta juya kan waɗannan ƙwayoyi ta kashe su, wurin ya koma fari tas. Abin da ke faruwa ke nan. Babu ƙwayar cutar da za ta tsallaka zuwa jikin wani ta kwano, ko tabarma, ko shimfiɗar aure. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, ko ƙasa da haka kaɗan, yana da shi, kuma wajen rabinsu yana soma musu ne kafin su cika shekara 20. Ya fi fitowa fili a jikinmu ne kawai saboda duhun fatarmu. Gado yana da ɗan hannu a ciki, amma mafi yawan 'ya'yan masu albaras ba sa yin sa.

Kuturta daban take. Ita ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tabonta ba ya yin fari fat, kuma babbar alamarta ita ce wurin yakan mutu, a shafa auduga mutum bai ji ba. Ita ma tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, wanda ake bayarwa kyauta. Cikin masu kama da albaras akwai kyasbi, akwai kuma dabbare-dabbaren ƙwauri da ake gani a jikin dattawan da suka daɗe a bakin koguna, wanda cutar makanta ta ƙudan kogi ke bari. Saboda haka ba kaka ce za ta yanke ba, ba ni ba ne kuma. A kai ta wurin likita, in da hali likitan fata. In ya nemi gwajin maƙoƙo ko na suga kada ku yi mamaki, domin albaras yakan zo tare da su a jikin wasu.

Maganar kifi da nono zance ne na likitocin dā da ya shiga wasu littattafai, ba hadisin Manzon Allah (SAW) ba ne, kuma bincike bai tabbatar da shi ba. Da gaskiya ne, da garin da ke cin kifin Lagdo yana korawa da kindirmo bai bar mai fata ɗaya ba. Batun sammu kuma ina jin tsoronsa ƙwarai, domin ƙarshensa a zargi kishiya ko maƙwabciya ba da hujja ba, a yanke zumunci, a kwashi zunubi a kan ciwo.

Ki gaya wa 'yarki, daga bakina, cewa wannan ba alamar fushin Allah ba ce. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Umar labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman, ya ce yana da albaras ya warke sai gurbin dirhami guda, ya kira shi mafi alherin tabi'ai, ya ce in Umar ya samu dama ya roƙe shi ya nema masa gafara. Kuma Umar ya yi ta cigiyarsa har ya same shi ya roƙa. To wa ya isa ya ce tabon da ke jikin irin wannan bawa la'ana ne? Gaskiya ne Annabi (SAW) ya nemi tsari daga albaras da hauka da kuturta da miyagun cututtuka, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas. Neman tsari daga jarrabawa ba ya nufin wanda ta sama abin ƙyama ne, ai ana neman tsari daga talauci ma. Hadisin Bukhari da ya ce a guje wa kuturu kamar yadda ake guje wa zaki, a kan cutar da ake ɗauka yake magana, ba a jawo shi nan. Don haka ware mata kwano cutarwa ce marar dalili, kuma kiran ta da wani laƙabi saboda fatarta ya shiga hanin aya ta 11 a Suratul Hujurat. A lallashi kaka cikin ladabi, ɗanta ne ya fi dacewa ya yi mata bayani.

Yanzu ga batun aure. A mazhabarmu ta Malikiyya albaras yana cikin aibobin da ke ba da zaɓin warware aure. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta: duk wanda ya auri mace mai hauka ko kuturta ko albaras, ya sadu da ita, to sadakinta cikakke nata ne, shi kuma ya bi waliyyinta ya biya shi. Haka Ibnu Abi Zaid ya tafi a Risala, ya ce mijin zai koma wa uba ko ɗan'uwan da ya aurar da ita. Shaihu Halil a Muhtasar ya sa sharaɗi: zaɓin yana nan ne muddin mutum bai riga ya sani ba, bai yarda ba, bai kuma ji daɗi da ita ba bayan ya sani. Masu sharhi sun bambanta albaras da wani farin da suke kira bahaƙ, wanda ba ya ba da zaɓi, kuma a yau likita ne zai fi iya rarrabe su. Abu Hanifa bai ba miji wannan zaɓin ba tunda saki yana hannunsa, Ibnu Hazmi kuwa bai yarda a warware aure da kowane aibi ba. Amma ko a wurinsu babu wanda ya halatta yaudara, ga faɗin Annabi (SAW) a Muslim: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Malamai sun ambaci dalili biyu na ba da wannan zaɓi: ƙyamar da ke hana natsuwar aure, da tsoron ɗauka. Na biyun ilimin likita ya kawar da shi game da albaras. Na farkon yana nan, domin zuciya ba a tilasta mata, kuma haƙƙin manemi ne ya shiga da idonsa biyu. Abin da nake so 'yan'uwanki su duba shi ne, wannan sharaɗi na Halil garkuwa ce ga 'yarku. In an gaya wa yaron ya ce ya ji ya gani, zaɓinsa ya faɗi, ba shi da bakin kafa hujja da wannan tabo gobe. In kuka ɓoye, ita kaɗai za ku bari a ɗaki daren farko ta fuskanci abin da ku manya kuka kasa faɗa, sannan mahaifinta ya wayi gari da bashin sadaki da sunan maha'inci. Fasa aure kafin a ɗaura, duk da ɗacinsa, ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba a ce ku yi shela ba. Bayan kun ga likita, mahaifinta ya kira yaron da waliyyinsa a keɓe, ya faɗa musu abin da likita ya ce. In suna so, mace guda amintacciya daga danginsa ta duba. Su kuma amana ce a wuyansu, ko sun ci gaba ko sun janye, haramun ne su yaɗa. Ga manemin ina cewa: janyewa ba zunubi ba ce a kanka, amma in addininta da halinta ne suka kawo ka, babu ɗayansu da ya canza.

Neman magani halal ne, abin so ne ma, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kamar yadda ya zo a Bukhari. Likitoci suna ba da man shafawa mai kwantar da garkuwar fata, irin su kotizon da takrolimus, akwai gashin wani haske na musamman da ba kowane asibiti ke da na'urarsa ba, akwai dashen fata in ciwon ya daɗe da tsayawa. A 2022 Amurka ta amince da wani sabon mai, ruksolitinib, sai dai yana da tsada. Ana ɗaukar watanni kafin a ga canji, fuska da wuya sun fi saurin karɓa, yatsu da leɓe sun fi taurin kai, kuma launi yakan dawo ya sake tafiya. Duk wanda ya ce muku zai kawar da shi cikin mako guda, kuɗinku yake so.

Ku nisanci tsaga, da ƙaho a kan tabon, da shafa saiwa ko ganye a zauna a rana har fata ta sale, domin rauni da ƙuna suna haifar da sabon tabo a jikin mai albaras. Haka man bilicin na kasuwa, da kotizon da ake saye ba da takardar likita ba, suna lalata fata. Abin da cutarwarsa ta tabbata bai halatta a yi magani da shi ba. Ta riƙa kare wurin daga zafin ranar Garua, don farar fatar ba ta da abin da ke tare mata ƙuna. Addu'a da ruƙiyya da Alƙur'ani a yi su tare da maganin asibiti, ban da boka da ɗan duba.

Rufe tabon da lalle ko hoda ya halatta, in ba don a yaudari manemi ba ne. Lalle ba ya hana alwala. Man da ke yin kauri ya hana ruwa taɓa fata kuwa sai an goge shi kafin alwala da wanka, saboda haka ta tambayi likita ko za ta riƙa shafawa bayan sallar asuba da bayan isha'i.

Allah ne mafi sani.