Na yi npm unlink, kunshina ya ɓace daga package.json

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wani ɗan kunshi na npm (manhajar saka kunshin lambobi a ayyukan Node), na haɗa shi da manhajar da muke ginawa ta `npm link` don in riƙa gwaji kafin in wallafa. Da na gama na wallafa, sai na buga `npm unlink` da sunansa a cikin manhajar, na tura aikin. Yanzu saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) ta ce ba ta ga kunshin ba, mai aikin kuma sai kirana yake yi. A guruf ɗinmu an ce in goge komai da `sudo`, umarnin da ke ba da cikakken iko a kwamfuta. Ko na lalata ainihin kunshin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, kunshinka na nan lafiya a foldarsa. Layi ɗaya ne ya fita daga package.json, fayil ɗin da ke lissafa kunshin da manhajar ke buƙata, da bayanansa a package-lock.json. Tunda aikin yana kan Git, dawo da fayilolin biyu yadda suke kafin turawar nan, buga `npm install`, ka sake turawa. Shi ke nan.

Abin da ya kai ka ga wannan kuwa kullum sai na gamu da shi. Mutane sun ɗauka `unlink` yana warware abin da `link` ya ƙulla ne kawai. Ba haka ba ne. A npm, `unlink` wani suna ne na `uninstall`, aikinsu ɗaya sak. Kuma tun daga npm 5, wanda ya fito a 2017, duk abin da ka saka ko ka cire ana rubuta shi a package.json kai tsaye, ko ba ka nema ba. Wato kai kana ganin mahaɗa ka cire, hanyar da `link` ya shimfiɗa zuwa foldar kunshinka, npm kuwa abin da ya ji shi ne manhajar ta daina buƙatar kunshin. Ba zai yi maka gargaɗi ba, don a wurinsa umarninka ya bi. Idan kai mai `git add .` ne ba tare da duba abin da ya canza ba, to da hannunka ka kai ɓarnar saba.

Mahaɗa biyu ka ƙulla tun farko, biyun za ka kwance. A cikin manhajar: `npm unlink --no-save sunan-kunshi`, sannan `npm install` ya sauko da wanda ka wallafa. Ta biyun tana babbar ma'ajiyar npm ta kwamfutarka, ita ce ake mantawa da ita: `npm rm -g sunan-kunshi`. Sunan da ke cikin package.json na kunshin za ka rubuta, ba sunan folda ba. Sai ka buga `npm ls -g --depth=0`; duk wanda ka ga kibiya a gabansa tana nuna wata folda, har yanzu a haɗe yake. Mai amfani da nvm, manhajar sauya zubin Node, ya lura, kowane zubin Node da tasa ma'ajiyar, inda ka ƙulla nan za ka kwance.

Sai 'yan guruf ɗinku. Wallahi na gaji da wannan shawara. Ko me ka kawo musu, amsarsu ɗaya: goge, share ma'ajiyar wucin gadi, sa `sudo`, kamar mai maganin kasuwa da garinsa ɗaya ke maganin zazzaɓi da ciwon baya. Da ka bi su, da ko kusa ba ka taɓa matsalar ba, domin `npm install` ba ya sauko da abin da ba ya cikin package.json. Goge node_modules, foldar da npm ke zuba abin da ya sauko da shi, gaba ɗaya ba laifi ba ne, a kunshinka mahaɗar kaɗai ke tafiya. Haɗarin shi ne wanda zai buga `rm -rf node_modules/sunan-kunshi/*` alhali mahaɗar na nan. Wannan tauraron (`*`) yana ratsa mahaɗar ya shiga ainihin foldarka, ya kwashe lambobin da ka rubuta, kuma babu kwandon shara da za ka je ka tono. Abin da ba ka adana a Git ba ya tafi. `sudo` ɗin kuma bar maka fayiloli zai yi mallakar root, babban mai iko a kwamfutar, gobe npm ya fara ce maka EACCES, wato ba ka da izini, ka koma wurinsu su ce ƙara `sudo`.

Nan gaba, in gwajin ƙarshe kake so kafin wallafawa, yi `npm pack` ka saka fayil ɗin .tgz da ya fito. Shi ne ke nuna maka ainihin abin da jama'a za su sauke, kuma ba ya barin mahaɗa a ko'ina. Sai dai shi ma yana rubuta kansa a package.json, don haka haɗa masa `--no-save` lokacin da kake saka shi.