Malami ma yana cin moriyarsa

Malam, ka tambaya ko ɗalibi kaɗai ke amfana da dandalin karatu ta intanet. Ni a ganina malami ma ya fi samun sauƙi. A Google Classroom, wanda ya fito a 2014, sau ɗaya za ka ɗora aikin gida, ka ga wanda ya miƙa da wanda ya makara, ba sai ka kinkimi tulin littattafai ba. Tambayoyin canki-canka kuwa, wani dandalin mai suna Moodle na ba da maki nan take.

Ɗalibin da lissafi ya shige wa duhu sai ya yi ta maimaita bidiyon darussa na dandalin Khan Academy kyauta, ba jin kunyar 'yan aji. Amma ka riƙa yi musu tambaya baki da baki, don wasu kwafa kawai suke yi.